Askirim da ƙanƙarar Japan masu zuwa da lokaci: tambayoyi da amsoshi

Sababbin zuwa Japan, ɗalibai ne ko ma'aikata, galibi a Afrilu ko Oktoba suke sauka, kuma tambayoyinsu na makon farko ba sa canzawa: ina masallaci, ina ake samun naman halal, yaya ake zuba kuɗi a katin jirgin ƙasa. Sai an kwana biyu hankali ya kwanta, sannan a fara turo hoton wani abu daga firizar kanti ana cewa, "Yaya, wannan fa? Ana ci?" Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da na sani a kansu bayan shekarun da na yi ina leƙa firizar nan fiye da yadda aljihuna ya so.

Me ake nufi da askirim "na lokaci", kuma ta yaya zan gane shi?

Kalma ɗaya za ka haddace: 期間限定, ana karanta ta kikan gentei, ma'ana "na ɗan lokaci ne". Yawanci a kusurwar leda ko a kan murfin kofi take, da ja ko ruwan zinare. Tana da 'yan'uwa: 季節限定 na wannan yanayin shekara ne kaɗai, 数量限定 adadi ƙayyadadde aka yi, in ya ƙare shi ke nan, sai 地域限定 wanda ba a sayarwa sai a yanki guda. Haruffa biyun ƙarshe, 限定, iri ɗaya ne a dukansu, su idonka zai riƙa nema.

Inda aka fi ganinsu shi ne konbini, ƙananan kantunan nan da yawancinsu ba sa rufewa dare da rana: 7-Eleven, FamilyMart, Lawson. Sabon kaya galibi ranar Talata yake shigowa. Wani ma kanti ɗaya aka yi wa shi, don haka abin da ka gani a Lawson ba lallai ka same shi a FamilyMart da ke tsallaken titi ba.

Me ya sa ba sa barin abu mai daɗi ya zauna a kasuwa?

Japanawa suna da kalmar shun, wato lokacin da wani abinci yake kan ganiyarsa. Ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Kowa ya san lokacin mangwaro, da lokacin da gasasshiyar masara ke cika bakin titi, da lokacin rake. Su dai sun ɗauki wannan lissafin sun shigar da shi masana'anta, har abin da inji ke yi ma sai ya bi kalandar gona.

Akwai kuma ciniki a ciki. Firizar konbini ƙarama ce, kamfanoni da yawa ke kokawar neman gurbi, abin da bai tafi da sauri ba sai a kwashe shi a sa wani. Rubuta "na ɗan lokaci" yana sa mai wucewa ya saya yau don kada gobe ya rasa. Sun san dabara ce, mu ma mun sani, amma tana ci.

Wane ɗanɗano ke zuwa a wane wata?

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu firiza takan koma ruwan hoda. Sitiroberi ne a gaba, musamman irin Amaou na Fukuoka, sai sakura, bishiyar nan mai fure ruwan hoda da Japan ta yi suna da ita. Kada ka zaci ɗanɗanon ɗan itace za ka ji a sakura. Ƙamshin ganye da furen bishiyar ne da aka jiƙa a gishiri, zaƙi mai ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe. Wasu na so, wasu na cewa kamar sun lashi turare. Wajen Mayu sai matcha, garin koren shayi, ya karɓa, tare da cakulan mai na'a-na'a wanda ya raba Japanawa gida biyu: masoyansa har suna suka raɗa wa kansu kamar jam'iyya, maƙiyansa na cewa man goge baki ne.

Yuni zuwa Agusta na masu ruwa-ruwa ne: kankana, shammam, momo (ɗan itacen da Turawa ke kira peach) mai laushi da ƙamshi, lemo mai gishiri, lemon kwalba na ramune, da nashi, wani ɗan itace mai kama da tuffa amma ya fi ta ruwa. Kada ɗan Sakkwato ya raina zafin nan. A ranar 23 ga Yulin 2018 garin Kumagaya ya kai digiri 41.1, ga laima a iska, gumi ba ya bushewa a jiki ko ka shiga inuwa. Masu sana'ar na cewa da zarar zafi ya haura digiri 30, mutane sun bar mai madara sun koma zallar ƙanƙara.

Da shigowar Satumba, ko da zafin bai tafi ba, sai ka wayi gari firiza ta koma ruwan ƙasa da shunayya: gasasshen dankali, kabewa, baƙin inabi na Kyoho, da kuri, wata ƙwaya mai gari-gari da ɗanɗanonta ya kusa da na dafaffiyar gurjiya mai zaƙi. A wurina wannan ne lokacin da ya fi. Na Disamba zuwa Fabrairu na bar shi ga tambayar shan askirim a cikin sanyi.

Ban taɓa ci ba. Da wanne zan fara?

In lokacin zafi ne, nemi Garigari-kun na nashi. Kamfanin Akagi Nyugyo da ke Fukaya a Saitama ke yin sa tun 1981, kuma ba za ka rasa gane shi ba: yaro ne mai aski ƙwal da ƙaton baki a jikin ledar. Daga waje siririn ɓawon ƙanƙara ne, daga ciki gurzajjiyar ƙanƙara, sunan ma ƙarar taunawa ce, kamar mu ce garas-garas. Na nashin nan, in ka rufe ido, sai ka rantse ɗan itacen ka gatsa. Sai Suika Bar na Lotte, wanda ya fito a 1986: an yanka shi kamar ɓarin kankana, ja a sama, kore a gindi, 'ya'yan kuwa ƙwayoyin cakulan ne.

In lokacin sanyi ne, Yukimi Daifuku. Dunƙule biyu ne a faranti da ɗan cokali mai yatsu, askirim a naɗe cikin mochi, wato dakakkiyar shinkafa mai danƙo. Wanda ya san nakiya ba zai ji baƙunci ba. Ka bar shi 'yan mintuna a waje kafin ka ci, har fatar ta yi laushi ta fara jawuwa. Amma ko wanne ka ɗauka, fara karanta amsoshi biyun da ke ƙasa kan giya da jelatin, domin shahara ba ta wanke abu.

Da gaske ne an taɓa yin ƙanƙarar miyar masara da ta taliya?

Da gaske ne, kuma duk aikin Garigari-kun ne. A Satumban 2012 suka fitar da mai ɗanɗanon miyar masara ta Turawa, har da ƙwayoyin masara a ciki. Cikin kwana uku aka dakatar da sayarwa, ba don ƙorafi ba, kayan ne suka kasa isa. Sai a Maris na 2013 ya dawo. Har wasu suka riƙa sa shi a kofi suna ɗumamawa su sha a matsayin miya. Ganin haka kamfanin ya ƙara gaba: a 2013 mai ɗanɗanon farar miyar nan ta madara da dankalin Turawa, a Maris na 2014 kuma mai ɗanɗanon Napolitan, taliya da tumatir. A nan guga ya tsinke. Mutanen kamfanin da bakinsu sun ce sun tafka asarar kusan yen miliyan 300. Hakan bai hana su fito da na wainar ƙwai a 2019 ba.

Ra'ayina, irin waɗannan don a yi maganarsu aka yi su, ba don a ƙoshi ba. Ku sayi ɗaya ku huɗu, kowa ya gatsa, a yi dariya, a ɗauki hoto. Kuma masu kwaikwayon miya su ne suka fi buƙatar a duba bayansu, domin romon nama kan shiga irin wannan haɗin.

Kamfanin dai ya iya zama da jama'a. A 2016, da suka ƙara farashi daga yen 60 zuwa 70 bayan shekara 25 ba ƙari, shugaban da ma'aikata suka jeru suka sunkuya a talabijin suna ba da haƙuri. A 2024 ya koma yen 80.

Na gama ci sai na ga rubutu a jikin tsinken. Mene ne?

In ka ga 当り, wato atari, ka ci kyauta. Wanke tsinken, busar da shi, sa a leda, ka mai da shi kantin da ka saya su ba ka wani. In babu rubutu, shara ce.

Wake a cikin askirim? Waken da muka sani?

Ɗan'uwansa ne, ƙaramin jan wake da suke kira azuki. Mu mun saba da wake a alale da ƙosai da garau-garau, su kuwa da sukari suke dafa shi, shi ya sa cin farko kan zo da ɗaure fuska. A ci na uku yawanci an shirya.

Sarkin wannan fanni shi ne Azuki Bar na kamfanin Imuraya da ke birnin Tsu, tun 1973. Abin da ya yi suna a kai shi ne tauri, har kamfanin ya rubuta gargaɗi a jikin ledar cewa a kula da haƙori. Dalilin taurin kuwa alheri ne gare mu: ba mai, ba sinadarin da ke sa laushi, iska kaɗan ce a ciki, wake ne da sukari da ɗan gishiri da abin da bai taka kara ya karya ba. Jerin kayan haɗinsa na daga cikin mafi gajarta a firizar. Ka ba shi minti biyar ya huce, kada ka gwada shi da haƙorin gaba.

Yaya zan gane akwai giya a ciki?

Juya ledar ka nemi layin da ya fara da 原材料名, kayan haɗi ke nan. Kalmomin da za su tsayar da kai: 洋酒 barasar Turawa, ラム酒 ram, リキュール, ブランデー, ワイン, 酒精 da アルコール. In haruffan sun yi maka yawa, riƙe 酒 kaɗai, sannan ka ɗora kyamarar fassara ta waya a kan sauran. Wasu kamfanonin kan rubuta kason giyar a gefe saboda yara da direbobi, amma ba kowa ba.

Hoto ba ya faɗin gaskiya duka. A sanyina na farko na ɗauki wani kofi a wani kanti, ga zabibi zube a kan murfi, na ce yau na samu na inabi. Ina buɗewa a ɗaki warin ya gaya mini komai. ラムレーズン ne, zabibin da aka jiƙa a ram. Kuɗina sama da yen 300 suka bi kwandon shara. Na lokacin sanyi su suka fi wannan hali: tiramisu, masu kuri, masu cakulan mai ɗaci, duk wanda aka rubuta masa 大人, wato "na manya". Abin mamaki, ko Garigari-kun na soda, shuɗin nan na yara, za ka tarar da リキュール a jerinsa, ɗan kaɗan don ƙamshi. Kowane ɗanɗano jerinsa daban, don haka wanke ɗaya bai wanke ɗan'uwansa ba.

Batun ɗigon giyar da ake narka ƙamshi a ciki, wanda kan ɓuya ƙarƙashin kalmar 香料, malamai sun yi maganganu mabambanta a kai. Ni ba malami ba ne. Ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa, ka tsaya a kan abin da ya gaya maka.

To jelatin da alade fa?

Nemi ゼラチン, jelatin ke nan, da 豚, alade. Jelatin a Japan yakan fito daga alade ko saniya ko kifi, kuma ba kullum ake bayyana wanne ba. An fi samunsa a masu gutsattsarin jeli, masu alewar mashmalo, da masu kwaikwayon kek. Wani abin lura: doka ta tilasta a bayyana ƙwai, madara, alkama, gyaɗa da wasu 'yan kaɗan, amma alade da jelatin suna rukunin da aka shawarci kamfani ya bayyana a akwatin gargaɗi, ba a tilasta ba. Don haka akwatin gargaɗin nan bai isa ba, sai an bi jerin duka.

Mai wuyar ita ce 乳化剤, nyukazai, sinadarin da ke haɗa mai da ruwa. Yana iya zama na tsiro, yana iya zama na dabba. In ka ga 大豆由来 a gabansa, daga waken suya ne. In ba a ce komai ba, akwai lambar waya ta kyauta a jikin kusan kowace leda, mai farawa da 0120, kuma suna amsawa da ladabi. Roƙi abokin karatunka Bajapane ya kira maka. Hanya mafi sauƙi dai ita ce zaɓen mai gajeren jeri, irin Azuki Bar da aka ambata a sama, ko koren shayi na Häagen-Dazs, wanda kirim ne da madara da sukari da gwaiduwar ƙwai da matcha kawai.

Me ya sa wani ke cika baki da maiƙo, wani kuma kamar ruwa?

Doka ta kasa su gida huɗu, kuma a rubuce yake a gaban 種類別. Mai suna アイスクリーム dole sinadaran madara su kai kashi 15 cikin ɗari, man madara kashi 8. アイスミルク kashi 10 da 3. ラクトアイス kashi 3 kacal na madara, galibi da man tsiro ake cike gurbin. Na huɗu 氷菓, ƙanƙara ce mai ɗanɗano, ajin su ƙanƙarar zoɓo ta leda. Na farkon ya fi tsada, na ƙarshen ya fi kashe ƙishi. Kada ka ɗauka na ukun ya fi sauƙi a jiki don madararsa kaɗan ce, wani lokaci ya fi na farkon mai.

Mene ne kakigori?

Gurzajjiyar ƙanƙara ce a kwano, an kwarara mata ruwan zaƙi. Alamar mai sayarwa ƙyalle ne fari da jan harafi 氷 a kan shuɗin igiyar ruwa, yana lilo a ƙofar shago. Tsohon abu ne: wajen shekara ta 1000 wata mai hidima a fadar Kyoto ta lissafa shi cikin abubuwan ƙasaita, lokacin da sai manyan fada ke ganin ƙanƙara da zafi.

Na rumfar biki shi ne mai arha, ja ko kore ko shuɗi, harshenka ya rine. Mafi yawan ruwan zaƙin nan tushensu ɗaya, launi da ƙamshi ne suka bambanta. Wanda ya cancanci a zauna a ci shi ne ujikintoki, matcha da jan wake, ɗaci da zaƙi suna jan juna. Sai shirokuma na Kagoshima, mai madara mai kauri da 'ya'yan itace da wake, wanda ake samun na kofinsa a konbini. A Okinawa in ka ce zenzai, ƙanƙara a kan dafaffen wake za a kawo maka, alhali a sauran ƙasar kunun wake ne mai zafi.

Na ga kakigori na yen 2,000, ga layi har waje. Ƙanƙara ce fa!

Ni ma haka na ce. Abin da ake biya shi ne ƙanƙarar da kuma hannun mai gurzawa. Akwai 'yan gidaje da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, a wurare irin su Nikko da Nagatoro, da ke tara ruwan dutse a tafki da hunturu, su bar sanyin Allah ya daskarar da shi a hankali, su yanka da zarto su adana har zafi ya zo. Mai shago ba ya gurza ta tana fitowa daga sanyi. Sai ya bari ta huce ta fara sheƙi, sannan wuƙar ta riƙa fere ta siriri kamar auduga. Tana taɓa harshe ta ɓace, kuma ba ta cika sara wa mutum kai ba.

Ruwan zaƙin ma a nan suke dafa shi daga ɗan itacen da ke kan lokacinsa, shi ya sa jerin abin sayarwar ke canzawa kusan kowane wata. Himitsudo da ke unguwar Yanaka a Tokyo na cikin waɗanda aka fi yi wa layi. Sau ɗaya a shekara ya isa. Ci daga sama, kada ka danna da cokali, in ba haka ba tulin ya rushe maka a tire.

Askirim na wasabi, na zinare, na tawadar kifi: wasa ne ko ana ci?

Wannan duniyar sofuto kurimu ce, mai laushin nan da inji ke murɗawa a kan mazurari. Kusan kowane gari ya ɗauki abin da ya shahara da shi ya zuba a ciki, kuma a wuraren yawon buɗe ido da tashoshin hutawa na kan hanya ake samunsu. A gonar wasabi ta Daio da ke Azumino akwai na wasabi, tsiron nan mai yaji da suke ci da ɗanyen kifi, kore-kore, yajinsa kaɗan ne, ba ya hawa hanci kamar na kan kifi. A Farm Tomita da ke Nakafurano, kusa da Furano, akwai na furen labanda, lokacinsa Yuli. A tsibirin Shodoshima akwai na shoyu, baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya, kuma wannan ya ba ni mamaki: gishirin ya sa ya koma kamar alewar madara da ta ɗan ƙone. Na baƙin riɗi kuwa kantu ne ya sha sanyi, ba Bahaushen da zai ƙi shi.

Na zinaren Kanazawa, garin da ke yin kusan duk ganyen zinaren ƙasar, farin askirim ne aka lulluɓe da fallen zinare. Ba ɗanɗano, ba ƙamshi, sai manne wa leɓe, kuɗin hoto ka biya. Na tawadar ika, wata dabbar teku mai hannaye da yawa da ke fesa baƙin ruwa kamar tawada, baƙi ne wuluk, ya fi ban tsoro a ido fiye da a baki. A gindin gadar Kintaikyo da ke Iwakuni akwai shago mai ɗanɗano sama da 100.

Wanda na fi ƙauna ba na inji ba ne. A Akita, da zafi, za ka ga dattijai mata zaune a bakin titi ƙarƙashin lema, da gwangwani a gabansu, suna kwasar ƙanƙara ruwan hoda da ruwan ɗorawa da ɗan ludayi mai faɗi, wasu har su tsara ta kamar fure. Sunanta babahera: hera shi ne ludayin, baba kuwa tsohuwa. Ka ce "Baba, a ba ni ɗaya" da Hausa, rabin maganar ta isa. Sai dai a irin waɗannan wurare ba leda balle jeri, sai ka tambaya da baki.

Me ya sa suke shan askirim ana tsananin sanyi?

Saboda ɗaki da ɗumi. Akwai kotatsu, ɗan teburi mai na'urar ɗumi a ƙasa da bargo a kewaye. Ka zura ƙafafu ciki, dusar ƙanƙara na zuba a waje, kana shan abu mai sanyi: wannan a wurinsu jin daɗi ne na musamman. Yukimi Daifuku, da Lotte ta fitar a 1981, don wannan aka yi shi, sunan ma na nufin kallon dusar ƙanƙara, kuma sai a 2018 aka fara sayar da shi duk shekara.

Na sanyi sun fi kauri da tsada. A Fabrairun 2015 Häagen-Dazs ta fito da Hanamochi, mochi a saman kofi da kinako, wato garin soyayyen waken suya, da baƙin ruwan rake mai ɗanɗanon mazarƙwaila. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da shi don ya ƙare. A wannan lokacin ne kuma giya ta fi yawa a firiza, koma ka duba amsar da ta gabata a kanta.

Ban ga ranar lalacewa a jiki ba. Zan iya tarawa?

Doka ta yarda a bar ta, domin abin da ke ajiye a digiri 18 ƙasa da sifiri ba ya saurin canzawa. Amma firizar ɗakin ɗalibi da ake buɗewa sau goma a yini ba ta riƙe wannan sanyin. Bayan wata ɗaya ko biyu za ka ga ƙanƙara ta yi tsiro a sama, ɗanɗanon ya koma na firiji. Masu ɓawon biskit irin Choco Monaka Jumbo sun fi saurin lalacewa, ɓawon ya yi laushi. In za ka tara, tura su can ƙurya, nesa da ƙofa. Manyan kantuna da yawa na ba da ƙanƙara ko busasshiyar ƙanƙara a bakin fita don kai kaya gida.

Akwai wanda bai kamata ya ci ba?

Mai ciwon sukari ya sani ƙanƙara mai ruwa-ruwa ma cike take da sukari, sanyi ne ke ɓoye zaƙin. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya tsaya a rukunin 氷菓, amma ya duba, wasunsu na da 'yar madara. Mochi kuma a yanka wa yara da tsofaffi ƙanana. Duk sabuwar shekara sai an ji labarin tsofaffin da mochi ya shaƙe a Japan.

Zan iya ci ina tafiya a titi?

Ba wanda zai kama ka, amma ba a so, musamman a cunkoso da cikin jirgin unguwa. A tsaya gefen shagon a cinye. Kwandon shara ma wuya yake a titi, don haka ko ka miƙa wa mai shagon takardar, ko ta kwana a aljihunka. In konbini na da wurin zama kuma a nan za ka ci, faɗa wa mai karɓar kuɗi: tun Oktoban 2019 harajin abin da za a tafi da shi kashi 8 ne, na ci a wurin kashi 10.

Da azumi fa?

Azumin 2025 ya faɗo a Maris, daidai lokacin sitiroberi da sakura, kuma tunda kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, shekaru masu zuwa na sanyi za su riƙa tarar mu. Dabino da ruwa da abu mai ɗumi tukuna. Askirim bayan tarawihi, a hanyar dawowa daga masallaci, lokacin konbini ba kowa kuma kana da natsuwar karanta bayan leda.

Zan iya kai wa mutanen gida tsaraba?

Askirim ɗin kansa a'a. Ba jirgin da ke tashi kai tsaye zuwa Kano ko Abuja ko Yamai, sai an yada zango a Doha ko Addis Ababa ko Istanbul, ruwa za ka isar. Abin da ke tafiya shi ne garin matcha, kinako, da ɗan injin gurza ƙanƙara na hannu da ake sayarwa da zafi a kantunan kayan gida. Ba ya buƙatar wuta, juyawa ake yi. A dafa zoɓo ya yi kauri da citta da kanumfari, ko tsamiya da mazarƙwaila, a kwarara a kai, a ɗiga madara. Yara ba za su bar ka ka huta da juyawa ba.

Wanda na so ya ɓace. Zai dawo?

Ya danganta. Masu bin ɗan itace, irin su nashi da kankana da dankali, galibi suna dawowa idan lokacinsu ya zagayo, ko da an ɗan sauya leda ko haɗi, don haka sake karanta jerin ko da ka wanke shi bara. Masu abin mamaki kuwa sai wanda ya yi kasuwa sosai, kamar na miyar masara. Na taliya ban ji mai kewarsa ba.

In ya ɓace daga konbini, kada ka fid da rai a makon farko. Leƙa manyan kantuna da kantunan magani masu sayar da abinci, can ragowar kan koma, sau da yawa da ragin farashi. Nan na taɓa tsintar na gasasshen dankali a tsakiyar Disamba, guda shida a ƙasan firiza, na kwashe huɗu.